Littafin gareji: koyon gyaran manyan motoci da tarakta a Jos

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da Oga ya faɗa da safe yakan gudu daga kaina kafin la'asar, shi ya sa na sayi wannan littafi. Tun ƙarshen damina nake garejin, nan wajen Titin Bauchi, amma aikina bai wuce wankin kaya da gas, miƙa sifana da sayo shayi da ƙosai ba. Yau ya ce daga wannan mako zan riƙa sa hannu a inji, a ƙarƙashin Yaya, babban yaronsa da za a yaye bayan Babbar Sallah. Manyan motoci kawai muke yi: tifa, tirela, tanka, roka, sai tarakta idan noma ya gabato.

Kayan aikina: sifana 10, 13, 17 da 19, filaya ɗaya, sukundireba biyu. Na ƙaro 22 da 24 a Dilimi, na hannu ne amma ƙarfen kirki, ₦5,500. Keke zuwa da dawowa ₦600 kullum, shi ke cinye rabin kuɗin abincin da ake ba mu.

Asabar, 11 ga Janairu

Sanyin makon nan ba na wasa ba ne. Tun kafin hantsi direbobi ke ta kira, kukan duk iri ɗaya: ta ƙi tashi.

Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sai nozul, wato bakin da ke watsa gas cikin silinda, ta fesa gas ya kama da kansa. To idan ƙarfe ya kwana yana shan hunturu, shi zai zuƙe zafin. Ga baƙin mai ya yi kauri, ga batir ya yi la'asar, kik na juyawa da ƙyar. Sannan Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta Legas nauyi ba, don haka injin da ba turbo yana rasa wajen kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. Da na faɗa wa Oga haka, dariya ya yi: "Ɗan boko, mun daɗe da sanin motar Kudu tana hayaƙi idan ta hau Jos, lissafin ne kawai ba mu da shi."

Tifa ta farko ba komai ba ne illa kan batir. Batir biyu ne masu volt 12 aka jera suka ba da 24, kan ɗaya ya yi farin gari. Ruwan zafi, sanfefa, aka ɗaure, bugu ɗaya ta tashi. Ta biyun ce abin haushi. Mun tarar yaron motar ya hura wuta da kwali a ƙarƙashin kwanon baƙin mai, direba kuma ya jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin shan iska. Ta tashi kuwa, da wata irin ƙara kamar za ta tarwatse. Oga ya ce wa direban: "Malam, motarka ba sanyi ke damunta ba, ringi ne ya cinye. Fetur ɗin nan kuma shi zai ƙarasa abin da ya saura." Direban ya ce maigidansa ba zai saki kuɗin ringi yanzu ba. Haka ya ja ta ya tafi tana farin hayaƙi.

Talata, 14 ga Janairu

Canjin baƙin mai da filta, motoci biyu. Yaya ya nuna mini a shafa ɗan mai a robar filta kafin a ɗaura, kuma da hannu ake ɗaurewa, ba da sarƙa ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Wata babbar motar Marsandi 911 ta mutu a Farar Gada da lodin kabeji da karas za ta Kudu. Mai kayan sai safa da marwa yake, don kayan gwari ba sa jiran kowa.

Nan na fara cire iska da hannuna. An sassauta notin kan filta, na riƙa buga ƙaramin famfo har kumfa ta ƙare gas ya fito tas, aka koma kan babban famfo, sannan aka sassauta bututun nozul biyu direba ya buga kik. Ta tashi, muka yi murna, ko Titin Zariya ba ta bari ba ta sake mutuwa. Da Yaya ya tsiyayo abin da ke gindin filta a gorar roba ya ɗaga sama, sai ga shi hawa biyu: gas a sama, ruwa da laka a ƙasa. Direba ya amsa cewa a jarka ya sayi gas a bakin hanya don an rage masa ɗari biyu a lita.

An sauke kayan zuwa wata motar. Mu kuma muka kwance tanki gaba ɗaya muka wanke, muka busa layi, aka sa filta biyu sababbi, nozul shida kuma aka ciro za a kai gwaji. Mun kai isha'i.

Injinta OM 352 ne, silinda shida, lita 5.7. Ba kwamfuta, ba wata waya sai ta kik da fitila. Oga ya ce a irinta ya koyi aiki, lokacin da ANAMMCO ta Inugu ke harhaɗa manyan motocin Marsandi, kuma duk wanda ya iya ta ya iya rabin aikin.

Asabar, 25 ga Janairu

Na wuni wurin Baba mai injekta. Shagon ɗan ƙarami ne, amma ya fi ɗakin kwanan wasu tsabta, kuma ba ya barin ka taɓa komai sai ka wanke hannu da gas mai kyau. Na ce, "Baba, sannu da aiki, Oga ne ya aiko ni in gani." Ya ce, "To gani za ka yi, ban da taɓawa."

Yana ɗaura nozul a famfon gwaji, ya danna hannu yana kallon agogo. Lafiyayya tana riƙe gas har matsi ya kai inda aka saita, sai ta fesa shi kamar hazo da 'yar ƙara, ta yanke tsaf. Cikin shidan nan uku tsiyaya suke, ɗaya kuma allurarta ta maƙale saboda tsatsa. Ya ce tsakanin allura da gidanta ko gashin kai ba zai shiga ba, kuma gas ɗin da kansa shi ne man da ke sa ta zamewa, to ina ga ruwa ya shiga. Ya gargaɗe ni da babbar murya kada in kuskura in sa yatsa a gaban feshin, yana huda fata ya shiga jiki.

Bakin nozul huɗu da aiki, ₦74,000. Da wankin tanki da filta da kuɗin sauke kaya, ribar gas ɗin jarka ta tafi har da uwar kuɗi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Takalmi mai ƙarfe a baki daga gwanjon Katako, ₦9,000. Da silifas nake aiki tun da na zo, kuma na ga yadda gangar birki ta yi wa ƙafar wani yaro a garejin maƙwabta. Sauran wunin giris da ɗaurin sifirin.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Tun Asabar muke kan birkin wata tirela Howo mai ɗaukar masara zuwa Kudu. Direba ya ce agogon iska ba ya cika, kuma a tafiyar da ta wuce da addu'a ya sauka Hawan Kibo.

Ya kamata iska ta kai wajen bar 8 kwamfireso ya huta. Wannan tana kaiwa 5 ta tsaya. Aka ba ni ruwan omo da soso na bi duk mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan ke yoyo. Na samu wurare uku. Da na ja zoben ƙasan tankin iska kuwa, ruwa ne ya zubo baƙi ƙirin haɗe da mai, ya kusa cika robar fenti. Diraya, wato abin da ke busar da iskar birki, ta daɗe da mutuwa, kwamfireso kuma yana tura mai. Direban bai ma san ana tsiyaye tankin ba, alhali aikin minti ɗaya ne kowace safiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bodin baya yake. Aksul ɗaya an naɗe tiyonsa an ɗaure da waya, wato tayoyin nan huɗu ba birki sam, sauran ke ɗaukar nauyinsu. Wai tukunyar birki ce ta fashe a hanya aka yi dabara, dabarar kuma ta zauna wata da watanni. Ana yawan cewa birki ya tsinke kamar abu ne da ke faɗowa daga sama. Ga abin da na gani, birki ba ya tsinkewa rana ɗaya. Mota ta ɗauko fiye da ƙima, direba ya shiga gangara da babbar giya yana ta taka birki, ganga ta yi zafi ta buɗe, layinin ya daina kamawa, iskar ma ta ƙare. Wanda ya san hanya tun daga sama yake sa ƙaramar giya, ya kunna birkin salansa, ƙafa sai jefi-jefi.

Yaya ya koya mini abu ɗaya da ya ce ko a mafarki kada in manta: tukunyar birki ta baya akwai ƙaton sifirin a ciki, shi ke kama mota idan iska ta ƙare. Ba a kwance ta sai an ɗaure sifirin da dogon notinsa. Idan ta ƙwace tana iya kashe mutum.

Maigidan motar ya so a gyara yoyo kawai. Oga ya ce, "Alhaji, ko a yi duka ko a kai wani wuri. Ba za a ce daga garejina ta fita ta hau kan mutane ba." An yi duka: diraya, ringin kwamfireso, tukunya biyu, layinin aksul biyu.

Wani abu da na lura: injin Howo ɗin WD615 ne, kuma Oga yana kwance shi ba ya ko duba. Ya ce ai Steyr ce ta sake riga. Na bincika, haka ne: a 1983 kamfanin Sinotruk na Chana ya karɓi fasahar manyan motocin Steyr ta ƙasar Ostiriya. Steyr ɗin nan kuwa ita ce a da ke da masana'antar harhaɗa motoci da tarakta a Bauchi, nan kusa da mu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau mun yi musu da Yaya a kan tamostat, abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi sannan ya buɗe. Tanka ce ke zafi, ya ce a cire a jefar kamar yadda kowa ke yi, wai na ƙasar Turawa ne mai ƙanƙara. Na ce a Jos dai injin da ba tamostat ba ya kai zafin aikinsa da safe, gas ba ya ƙonewa sosai, silif, wato rigar cikin silinda, na ci. Oga ya saurare mu, bai goyi bayan kowa ba, ya ce a jefa shi a ruwan zafi. Ya buɗe lafiya lau. Ashe lagireto ne ya toshe da lakar ruwan rafi, fambel kuma ya saki. An mayar da tamostat wurinsa. Yaya bai yi mini magana ba har aka tashi, ni ma na kama bakina.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Wata babbar mota DAF ta zo, fitilar gargaɗi a kunne, ba ta da ƙarfi. Oga ya saurara, ya duba filta da turbo, ya ce wannan ba aikin kunne ba ne. Aka kira wani matashi mai na'urar bincike, ya jona, cikin minti kaɗan ya nuna wata waya da ta goge a jikin shasi. ₦25,000 ya karɓa, rigarsa ko ɗigon mai babu.

Ya ce mini sababbin injuna masu layin gas na bai-ɗaya matsinsu ya haura bar 1,500, don haka sassauta bututun nozul inji na aiki, irin yadda muka yi wa 911, ganganci ne a kansu. Na karɓi shawararsa: in fara da mita ta awon wuta in iya karanta zanen waya, na'ura ta biyo baya.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Muna fara aiki da sassafe mu tashi bayan la'asar.

An kawo tarakta a bayan tirela daga wata gona gaba da Jengre. Massey Ferguson 375. Injin Perkins 4.236, silinda huɗu. Ba ta jan garma, tana shan baƙin mai kamar gas, hayaƙi shuɗi, bututun numfashi na huci. Alhaji mai ita yana so kafin ruwan farko, don manoma sun riga sun ba da kuɗin haya. Oga ya ce da ni da Yaya za mu yi ta daga farko har ƙarshe, shi ido kawai zai sa.

Litinin, 10 ga Maris

Tarakta ba shasi gare ta irin na mota ba, injin da giya su ne ƙashin bayanta. Sai da muka tokare baya, muka sa katako a gaba don kada ta karkace, sannan aka raba ta biyu. Kowane fistin da murfinsa na sa masa lamba, kowane noti a gwangwaninsa.

Silif duk sun yi gaɓa a sama, farce na maƙalewa. Ringi sun sirance, bakinsu kamar reza. Metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya ci har jan ƙarfe ya bayyana, karanshaf ya yi zane. Agogon awa ya mutu, amma Alhaji ya rantse shekara uku ke nan da aka yi mata aiki. Oga ya ce Perkins ba ya tsufa a shekara uku, a nemo abin da ya ci shi. Ya zura yatsa cikin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, ya fito da jar ƙasa.

Mun bi hanyar iska baya-baya. Tiyon da ya haɗa gidan filta da manifol ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, an naɗe da ledar burodi da robar taya. Filtar kanta ta huje wuri biyu, don direba bugunta yake a jikin taya ya mayar. Wato duk ƙurar da haro ke tayarwa a busasshiyar gona kai tsaye take shiga silinda, ta haɗu da mai ta koma sanfefa.

Alhamis, 13 ga Maris

Lissafin da aka ba Alhaji: silif, fistin, ringi da gasket ₦340,000, metal ₦55,000, yankan karanshaf ₦45,000, cire silif da dasa sababbi ₦30,000, bakin nozul ₦60,000, famfon baƙin mai ₦48,000, mai da filtoci ₦62,000, kuɗin aiki ₦120,000. Jimla ₦760,000. Tiyon da ya jawo duk wannan, ₦7,000.

Ya yi ta ciniki, ya ce a bar tsohon famfon mai, a nemo filta mai sauƙi. Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, araha ba ta ado. Ka rage a kuɗin aikina idan ka ga dama, ban da waɗannan biyun." Ya rage dubu goma a kuɗin aikin kuwa, bai ji kunya ba.

Talata, 18 ga Maris

Bulok da karanshaf suna wurin masu yanka. Ba wuta, janaretonsu kuma ya lalace. Jira. Na wanke tof, wato kan inji, na goge bawul da man niƙa har da'irar ta fito ba yankewa.

Asabar, 22 ga Maris

Ranar baƙin ciki. Karanshaf ya dawo an yanke shi zuwa 020, don an taɓa yanka shi 010 a baya; lambar tana nuna yawan abin da aka rage masa, kuma dole ta metal ta zo daidai da ita. Na je Dilimi da kaina na sayo metal, kwali an rubuta 020 ɓaro-ɓaro. Mun wanke hanyoyin mai da buroshi da iska, muka zaunar da karanshaf, yana juyawa sumul. Kowane ringi na sa shi cikin silif na auna bakinsa da fila geji, duk daidai. Muka sa fistin huɗu, muka ɗaure.

Oga ya zo wucewa, ya kama gindin kwanrod na biyu, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya girgiza sama da ƙasa. Ya sake. Ya ce, "Ku kwance." Ni ban ji komai ba, Yaya ma ya ce lafiya lau ne. Gefe da gefe dole ya ɗan motsa, amma sama da ƙasa bai kamata a ji ko alama ba, shi kuma ya ji. Da aka kwance na juya bayan metal ɗin na haska da waya: 010. Na uku ma haka. Biyu daidai, biyu ba daidai ba, a kwali ɗaya. Bambancin rubu'in milimita ne kacal, amma da an tayar da injin a haka mai zai zube ta wurin, matsi ya faɗi, kafin mako ya fara ƙwanƙwasa a tsakiyar gonar mutane.

Na koma shagon da azumi a bakina. Mai shagon ya ce kayan da aka shafa wa mai aka ɗaure ba ya dawowa, kuma wa ya sani ko mu muka musanya. Na nuna masa kwalin an taɓa buɗe shi an liƙe da gam. Ya ce haka ya saye shi. Na dawo hannu biyu.

Na daɗe ina ganin Oga yana raina awo, shi kuma yana ganin na cika son takarda. Yau hannunsa ne ya kama, lambar da ke bayan ƙarfen kuma ita ce hujjar da za mu riƙe a kasuwa.

Laraba, 26 ga Maris

Oga ya je da kansa, ya kai maganar wurin shugaban layin. An raba asara: mai shago ya ba da sabon saiti, mu muka cika ₦12,000. A gabansa na buɗe na karanta bayan kowane ɗaya. An haɗa ƙasan inji, an rufe kwano. Sai bayan Sallah.

Na sayi tawa fila geji ₦4,000, da mitar awon wuta ₦11,500 daga kuɗin ɗinkin Sallah. Inna ta ce in dai ba zan je Idi da kayan gareji ba, ba ruwanta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An dawo aiki. Giyoyin taimin kowanne da alamarsa, sai sun haɗu. Famfon gas irin mai juyawa ne na CAV, akwai zane a jikinsa da ke daidaita da zanen murfin taimin. Tof kuma daga tsakiya ake fara ɗaurewa ana fita waje, zagaye-zagaye, ba a gama noti ɗaya lokaci guda. Sifanar awon ƙarfin ɗauri aro muka yi daga garejin maƙwabta. A nan kullum da dogon bututu ake ja har sai an ji "ya yi", kuma ina zargin shi ya sa gasket ke yawan ƙonewa bayan an yi aiki.

Saitin bawul ni na yi shi duka. Milimita 0.30 inji na sanyi, na shiga da na fita. Tsarin tashinsa 1-3-4-2. Idan bawul biyu na silinda ta huɗu suna musayar motsi, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, sai a saita ta ɗaya. Haka ta biyu da ta uku suke abokan juna. Oga ya bi bayana da gejin, ya sake guda ɗaya, ya ce sauran sun yi.

Litinin, 7 ga Afrilu

An haɗa ta, sabon tiyo, sabuwar filta. Mun juya inji ba gas har fitilar mai ta mutu, sannan aka cire iska. Ta yi tari biyu ta kama. Hayaƙi ya washe cikin 'yan mintuna, bututun numfashi shiru. Bayan ta yi zafi ta huce aka sake bin notin tof da bawul.

Oga ya ja wa direban kunne: kada ya bar ta tana aiki a tsaye awa da awanni wai yana lallaɓa ta, ringi ba zai zauna ba. Ya ba ta aiki matsakaici, bayan awa 50 a zubar da mai. An sa sabon agogon awa, ₦18,000, Alhaji na gunaguni. Oga ya ba ni ₦15,000.

Talata, 15 ga Afrilu

An kira mu gonar. Gabana ya faɗi, na ɗauka injin ne. Ashe garma ce ba ta ɗagawa sai da kakkarwa, idan ta ɗagu kuma ta sauka da kanta. Ni da Yaya muka hau motar Saminaka muka sauka a hanya, aka ɗauke mu a babur. An yi ruwa sau ɗaya, ƙasa ta yi laushi a sama kawai.

A Massey famfon ɗaga garma yana cikin gidan giya, mai ɗaya suke sha. Da muka zaro sandar awo, man ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Robobin gindin sandunan giya sun yage, tarakta kuma a waje take kwana, duk ruwan bara ta nan ya shiga. Rariyar famfon ta toshe da dauɗa. Mun zubar, muka wanke, aka aika Jengre neman mai, fiye da lita 30, da ƙyar aka haɗa. Da mun duba wannan tun tana gareji da an huta, amma Alhaji inji kawai ya ce a taɓa.

Bayan ta ɗaga sai wata matsalar: tayoyin baya na ta juyawa a wuri ɗaya idan garma ta ci ƙasa mai tauri. Direban, yaro ne kamar ni, da hannun saita tsayi yake huɗa, ɗaya hannun bai taɓa amfani da shi ba. Shi kuwa wannan hannun shi ne gaba ɗaya dabarar Harry Ferguson, mutumin da taraktar ke ɗauke da sunansa. Idan faifan garma ya gamu da tauri, sandar sama tana turo wani sifirin, famfo ya ɗan ɗaga garmar da kansa, nauyinta ya koma kan tayoyin baya su kama ƙasa, da an wuce wurin ta koma zurfinta. Yaya ya hau ya yi layi biyu ya nuna masa. Injin ya daina nishi, huɗa ta fito daidai. Yaron ya ce, "Wallahi Yaya, shekara biyu ina tuƙa ta ban san amfaninsa ba."

Na ƙara masa da nawa: filtar iska daga ciki ake busa ta a hankali, ba a bugawa, kuma kada ya kusanci sandar da ke juya injin casa da jallabiya, sau 540 take juyawa a minti. Mun kamo hanya kafin magariba kamar yadda Inna ta yi sharaɗi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Tarakta biyu sun shigo, ɗaya kuloci, ɗaya famfon ruwa. Kowa sai da hadari ya haɗu ya tuna da tasa. Babu hutu.

Asabar, 3 ga Mayu

Agogo ya nuna awa 54, ni kaɗai aka tura. Na zubar da mai, na canza filta, na sake auna bawul, biyu sun ɗan buɗe na mayar. Na zura yatsa cikin manifol, tas. Mai bai ragu ba tun da aka zuba. Daga yanzu canji duk awa 250, na rubuta masa da fenti a jikin murfin inji. Kuɗin mota ₦4,400, Alhaji ya ba ni ₦5,000 da rabin kwanon gyaɗa.

Abin da ke gaba: giyar wata 911 tana ƙasa tun jiya, giya ta uku na fita da kanta, Oga ya ce ni zan buɗe ranar Litinin. Ina bukatar soket 27 da 32 da filayar cire zobe, an ce mini wajen ₦14,000, ina da tara. Zan kuma je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya in tambayi yadda ake rajistar jarrabawar sana'a mataki na uku, in biya hedikwatar ITF, hukumar horar da masu sana'a, da ke Titin Miango in ji ko suna da horo a kan wutar mota. Matashin nan mai na'ura ya yarda in riƙa zuwa wurinsa ran Lahadi, da sharaɗin in zo da mitata.